Yaron da jininsa ba ya tsayawa: ina likitan yake, kuma wa zai biya?

Baban Amir:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wurin likitoci da waɗanda suka san harkar inshorar lafiya. Ɗana shekararsa shida. Tun yana rarrafe gwiwarsa ke kumbura ba tare da ya yi wata faɗuwar kirki ba, jikinsa kuma kullum da shatar jini da ya kwanta baƙi-baƙi. An yi ta ce mana sikila ce, da aka gwada sai aka samu AA ne. Da sanyin da ya wuce aka yi masa kaciya tare da sa'anninsa. Na kowa ya warke, nasa jini ya ƙi tsayawa, sai da aka ba mu gado aka yi masa ƙarin jini. A nan ne wani likita ya ce yana zargin hemofiliya ce, wato ciwon rashin daskarewar jini, ya ce mu nemi likitan jini.

Ina da katin inshora na kamfanin da nake wa aiki. Na kira su, sun ce ganin likita da gado suna biya, amma allurar da ake kira fakto, wato sinadarin da ke sa jini ya daskare, ba ta cikin tsarinmu. Na tambayi kuɗinta a wani babban shagon magani, kwalba ɗaya ta haura albashina na wata. Tambayata biyu ce. A ina ake samun likitan da ya san ciwon nan da gaske a Arewa? Sannan wanda inshorarsa ba ta ɗaukar maganin, yaya yake yi?

Hajiya Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ku dage da addu'a da sadaka.

Alhaji na Kwari:
Malam, in kana da fili ko mota ka sayar ka fita da yaron nan Masar ko Indiya. Kada ka tsaya wahalar layi a nan. Na kai mahaifiyata Alƙahira aikin gwiwa, cikin 'yan makonni ta dawo da ƙafarta.

Maman Khalifa:
Baban Amir sannu, Allah ya ba ku juriya. 'Ya'yana biyu maza suna da ciwon nan, babban ya shiga sakandare, don haka abin da zan faɗa na san shi ne a jikina. Alhaji, da girmanka, kada ya sayar da komai tukuna. Aikin gwiwa yi ɗaya ne a gama. Wannan kuwa da shi aka haifi yaro, da shi zai girma. In ya je Indiya za su gwada shi, su yi masa allura, su ba shi takarda, ya dawo gida. Bayan mako biyu gwiwa ta sake kumbura cikin dare, Indiya za a koma?

Abin da za ka fara yi shi ne ka je sashen jini na asibitin koyarwa mafi kusa da kai. In Kano ce, Asibitin Malam Aminu Kano. In Zariya ce, Shika. Akwai na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai na Jami'ar Maiduguri, akwai na Jos, akwai Asibitin Ƙasa a Abuja. Duk suna da likitocin jini. Su ne dai masu duba 'yan sikila, shi ya sa za ka tarar da cunkoso, ka yi haƙuri da shi. Na biyu, ka nemi ƙungiyar Haemophilia Foundation of Nigeria, wadda wata uwa irinmu, Megan Adediran, ta kafa a 2005 saboda 'ya'yanta. Kaduna ce cibiyarsu. Ta hannunsu da na likitocin nan ake samun allurar tallafi kyauta. Amma sai sunan yaro ya shiga rajista, sunan kuma ba ya shiga sai da takardar gwaji.

Alhaji na Kwari:
Maman Khalifa ban ƙi ta taki ba, amma na ji an ce a Amurka an samo maganin da ke warkar da shi gaba ɗaya.

Likitan Jini:
Salamu alaikum. An sa sunana a zancen, bari in ce wani abu. Ba zan iya duba yaro ta waya ba, don haka bayani ne na gaba ɗaya.

Da farko, Baban Amir, har yanzu zargi ne a hannunka, ba tabbaci ba. Labarin da ka bayar ya yi kama da hemofiliya ƙwarai: namiji, kumburin gaɓa tun rarrafe, zubar jini bayan kaciya. Amma akwai wasu cututtukan da ke hana jini tsayawa, kamar ciwon von Willebrand da ƙarancin ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni. Gwajin farko shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini da PT da APTT, gwaje-gwaje biyu da ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. A hemofiliya, APTT ne ke tsawo, sauran su fito daidai. Daga nan sai a auna sinadarin fakto ɗin kansa. Hemofiliya A ƙarancin fakto 8 ce, ita ce ta fi yawa, kusan namiji ɗaya cikin 5,000 da ake haifa. Hemofiliya B ƙarancin fakto 9 ce, ta fi ƙaranci sosai. A ido ba ka bambance su, amma allurar wannan ba ta yi wa wancan aiki. Shi ya sa nake roƙon iyaye kada su ciyo bashi su sayi kwalba kafin a san wanne ne.

Sakamakon zai kuma nuna tsananinsa. In fakton da ke jinin ya yi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na abin da mai lafiya ke da shi, mai tsanani ne, jini kan zuba cikin gaɓa haka kawai. Daga 1 zuwa 5 matsakaici. Daga 5 zuwa 40 mai sauƙi, wanda sai an yi tiyata ko cire haƙori ake ganewa. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin wannan awon ba, wani lokaci sai an aika jinin wani gari cikin sanyi. Kuma in an yi wa yaro ƙarin jini ko ruwan jini kwanan nan, ka faɗa wa likitan, don yana iya rikita sakamakon.

Alhaji, abin da ka ji gaskiya ne amma da saura. A ƙarshen 2022 Amurka ta amince da Hemgenix, magani mai aiki ta ƙwayar gado, na hemofiliya B, farashinsa a lokacin dala miliyan 3.5. A 2023 ta amince da Roctavian na hemofiliya A, dala miliyan 2.9. Dukkansu na manya ne, ba a yi wa ɗan shekara shida. Ko masu inshora a can sai an kai ruwa rana.

Alhaji na Kwari:
Dala miliyan uku da rabi! To na janye. Allah ya sauwaƙe.

Baban Amir:
Likita na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. APTT ɗin an yi, sun ce ya yi tsawo. Awon fakto ne ba a yi ba. Matsalata ita ce asibitin da katina yake ƙarami ne, likita ɗaya ne, kuma in na tafi asibitin koyarwa da kaina kamfanin ya ce ba ruwansa.

Malam Sani Tebur:
Nan ne fagena, teburin inshora nake zama a asibiti. Baban Amir, kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su yi fushi su jefar da katin don an ce ba a biyan babban maganin. Kada ka yi haka. Katin ba zai saya maka fakto ba, amma zai iya ɗauke maka ƙananan kuɗaɗen da in sun taru su ne ke karya mutum: ganin babban likita, gado, wasu gwaje-gwajen, hoton gaɓa, gashin ƙashi, ƙarin jini, gwargwadon abin da aka rubuta a tsarinku.

Ga yadda abin yake tafiya. Asibitinka na farko shi ne ƙofa. Likitan can zai rubuta takardar turawa zuwa sashen jini, asibitin ya nemi lambar izini daga kamfanin inshorar, da lambar za ka tafi. In babu lamba, asibitin koyarwa zai karɓe ka a matsayin mai biya daga aljihu. Ka tabbata likitan ya rubuta abin da yake zargi ƙarara, da sakamakon APTT, da cewa an taɓa kwantar da yaron saboda zubar jini. Takardar da aka rubuta "a duba shi" kawai ita ake ajiyewa a ƙasan tari. Sannan duk maganar da za ka yi da kamfanin ka yi ta a rubuce. Wanda ya ce maka "ba ma biya" a waya, ka ce ya turo maka a saƙo tare da sashen da ya faɗi haka. Sau da yawa mai ɗaga wayar bai taɓa jin sunan ciwon ba.

Ka kuma je ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinka. Su ne suka sayi tsarin, su kamfanin ke jin tsoron rasawa, ba kai ba. Wasikar da ta fito daga can ta fi kiranka goma.

Abu Yasir:
Malam Sani, to ina amfanin dokar da aka yi? Ba an ce yanzu inshora ta zama dole ga kowa ba?

Malam Sani Tebur:
An yi. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da NHIS, tsohon shirin inshorar lafiya na ƙasa, ta koma hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu na masu rauni. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya. Amma ka gane, an gina waɗannan ne kan abin da ya fi damun mafi yawan jama'a: zazzaɓin cizon sauro, haihuwa, hawan jini, gudawar yara. Tukunya ce ɗaya kowa ke zuba kaɗan, to in yaro ɗaya zai cinye rabon mutum ɗari a wata, mai riƙe da ludayi zai ja baya. Ban ce daidai ba ne, na ce haka lissafin yake.

Abin da dokar ta ba Baban Amir shi ne wurin kai ƙara. Kamfanonin inshorar lafiya a ƙarƙashin NHIA suke, tana da ofisoshi a jihohi. In sun riƙe lambar izini ba dalili, can zai kai takardunsa. Kuma kowa ya riƙe wannan: sashe na 20 na dokar 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Abu Yasir:
To ni a nan nake da ja. Kowa na cewa a je a yi rajista a karɓi allurar tallafi, kamar an gama magana. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, rayuwar yaranta ta rataya kan kyautar kamfanonin Turai? Ranar da suka ce sun gaji fa? Mun ga yadda aka shiga ruɗani a 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin USAID. In muka ci gaba da nuna wa mutane hanyar kyauta, gwamnati ba za ta taɓa jin matsin da zai sa ta saya ba. Kamata ya yi a tada jijiyar wuya sai an sa fakto cikin abin da inshora ke biya.

Maman Khalifa:
Ƙanena, maganarka gaskiya ce, na ma fi ka jin zafinta. Akwai watannin da za ka je a ce babu, kaya ba su iso ba, ko sun maƙale wurin shigowa. Na taɓa zama da yaro yana kuka da gwiwa kamar ƙwarya, babu abin da nake da shi sai ƙanƙara da farasitamol. Amma ka faɗa min, uban da ɗansa ke zubar da jini yau, zanga-zanga zai tafi ko asibiti? Kuma rajistar da kake gani kamar bara ce, ita ce makamin da kake nema. In ka je gaban 'yan majalisa ka ce a saya wa masu hemofiliya magani, tambayar farko ita ce su nawa ne. A lissafin yawan jama'a ya kamata a ce dubbai ne a Najeriya, amma waɗanda ke rubuce ɗaruruwa ne. Sauran ina suke? Wasu sun tafi ranar kaciya, wasu suna gida ana ce musu sikila ko amosani ko jifa. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi.

Abu Yasir:
Na yarda da batun ƙidaya, Yaya. Amma ban yarda a ce wa mutum "je ka, akwai kyauta" ba tare da an gaya masa tana yankewa ba.

Likitan Jini:
Ku biyun kuna da gaskiya, sai dai zan fi karkata wajen Maman Khalifa kan abin da za a fara. Tallafin daga Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya yake zuwa, WFH, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, wadda aka kafa a 1963. Ya faɗaɗa ne bayan kamfanoni biyu, Sobi da wanda yanzu yake hannun Sanofi, sun yi alkawarin ba da awo biliyan ɗaya na fakto cikin shekara goma. A 2019 Roche ya shigo da emicizumab, wanda ake sayarwa da sunan Hemlibra. Wannan ya sauya rayuwar yaran da suka samu: a ƙarƙashin fata ake yin sa, ba a jijiya ba, sau ɗaya a mako, ko mako biyu, ko mako huɗu, kuma rigakafi ne, yana hana zubar tun kafin ta fara. Na hemofiliya A ne kawai, kuma gurabensa kaɗan ne, likitoci ne ke zaɓar waɗanda suka fi buƙata. Kada wani ya ɗauka da ya yi rajista zai samu.

Don ku ga dalilin tsadar: awo ɗaya na fakto 8 a kan kowane kilo na nauyin yaro yana ɗaga sinadarin da kusan kashi 2. Yaro mai kilo 20 da ake so a kai shi kashi 40 zai buƙaci awo 400, wato kusan kwalba ɗaya ta 500. Cikin awa 8 zuwa 12 rabinsa ya ƙare a jiki. In zubar babba ce sai an maimaita safe da yamma na kwanaki. Ba albashin da zai ɗauki wannan shekara da shekaru, shi ya sa ƙasashen da suka shawo kan abin gwamnati ce ke saye da yawa a farashi mai sauƙi. Nan Abu Yasir yake da hujja.

In babu fakto, muna komawa ga abin da ake cirewa daga jinin da aka bayar: daskararren ruwan jini, ko kirayo, wato ɓangaren ruwan jinin da ke ɗauke da fakto 8, ga masu A. Suna ceton rai, kuma su inshora ta fi saurin biya tunda ƙarin jini ne. Amma sai an zuba da yawa, kuma duk ƙarin jini yana da haɗarinsa, don haka a tabbata yaron ya yi rigakafin ciwon hanta nau'in B.

Ɗan Wanzam:
Ni gidan wanzanci na tashi, mahaifina har yanzu yana aiki. Ina karanta zancen nan jikina ya yi sanyi. Tsofaffinmu sun san akwai gidajen da ake cewa "jininsu ba ya jin magani", har wasu kan ƙi taɓa yaran gidan. Ba su san sunan abin ba ne kawai. Likita, me zan gaya wa Baba ya riƙa tambaya kafin ya sa aska?

Likitan Jini:
Allah ya yi maka albarka, wannan tambayar ta fi allura goma amfani. Ya tambayi uwar yaron, ba uban kaɗai ba: a cikin 'yan'uwanta maza, ko kawunnanta na wajen uwa, ko 'ya'yan 'yan'uwanta mata, akwai wanda ya zubar da jini sosai bayan kaciya ko cire haƙori, ko ya rasu a haka? Yaron yana yawan kumburin gwiwa ko shatar jini a fata? In an ce e, ya ajiye aska ya tura su asibiti. Ba kaciya kaɗai ba, har cire beli, da tsaga, da ƙaho, da sakiya. Kaciyar ba a hana ta ba, ana yi, amma a asibiti bayan an tanadi fakto. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ba su da wani a dangi da aka sani da shi, don haka in jini ya ƙi tsayawa kada a tsaya ɗaure-ɗaure da barbaɗa gari har dare ya yi.

Hajiya Ummi:
Wato dai daga wajen uwa ake ɗaukowa? Shi ya sa nake cewa a riƙa bincike kafin aure. Kuma auren zumuncin nan ma yana jawowa.

Maman Khalifa:
Hajiya, don Allah a yi hattara da wannan maganar, ta kashe aure da yawa. Na san matar da dangin miji suka tasa a gaba da "ke kika kawo mana", har aka yi mata kishiya a kan haka, aka bar ta da jinya ita kaɗai. Baban Amir, ban san gidanka ba, amma in surutu ya fara, kai ne katangar matarka. Ba ta zaɓa ba, yawancinmu ba mu ma sani ba sai da aka haifi yaron.

Likitan Jini:
Ta hanyar uwa yake bi, haka ne, amma ba laifi ba ne, halitta ce. Uwa mai ɗauke da shi, kowane ɗa namiji da za ta haifa yana da rabi da rabi: ko ya samu ko ya tsira. Kowace 'ya mace ma rabi da rabi ce wajen ɗauka. Namiji mai ciwon kuma, 'ya'yansa maza duk lafiya lau, 'ya'yansa mata duk masu ɗauka ne. Kun ga ke nan uwar ma wataƙila daga mahaifinta ta gada. Sarauniya Victoria ta Ingila ta ɗauke shi, ta hanyar 'ya'yanta da jikokinta mata ya shiga gidajen sarautar Sifen da Jamus da Rasha. Ba ciwon talaka ba ne, ba na wata ƙabila ba.

Batun auren zumunci, Hajiya, ba shi ne ke kawo hemofiliya A ko B ba. Inda yake da hannu shi ne wasu cututtukan zubar jini da suka fi wannan ƙaranci, waɗanda sai uwa da uba duk sun ɗauka, irin yadda sikila take. Gwajin jinin da ake yi kafin aure ma ba ya nuna wannan. Abin da zai amfane ku shi ne a duba mahaifiyar Amir da 'yan'uwansa mata, domin wasu masu ɗauka suna zubar da jini da yawa lokacin al'ada ko haihuwa, ana ɗauka haka jikinsu yake.

Baban Amir:
Maman Khalifa kamar kina gidanmu. An fara. Na dai toshe bakin kowa. Kuma yanzu da Likita ya faɗa, matata ta ce wanta ya rasu yana ƙarami bayan an yi masa kaciya a ƙauye, aka ce iska ce.

Issoufou Maraɗi:
Salam 'yan'uwa, daga Nijar nake bibiya. Mu nan tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar magani kyauta ne, amma irin wannan ciwon sai Yamai, kuma yaro na cika biyar shi ke nan. Mutanenmu da yawa Katsina ko Kano suke gangarawa don sun fi kusa. Tambayata, wanda ba ɗan Najeriya ba zai iya ganin likitan jini a can?

Malam Sani Tebur:
Ganin likita da gwaji, kowa na iya yankar kati ya biya. Inshorar dai ba za ta shafe shi ba. Batun allurar tallafi kuma ya tambayi likitocin jini na Babban Asibitin Yamai tukuna, domin rabon ƙasa-ƙasa ake yin sa.

Mai Kemis:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu, don mu ake fara zuwa wa kafin likita. Yaro ya zo da gwiwa a kumbure, abin da hannu ke fara kaiwa shi ne diclofenac ko ibuprofen, ko a yi masa allura a ɗuwawu. Ga mai wannan ciwon duk guba ne. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, allurar tsoka kuma tana iya tara jini a ciki. Farasitamol ne nasa. Baban Amir, ka rubuta a ɗan kati: sunan ciwon, rukunin jininsa, "ba a yi masa allurar tsoka, ba a ba shi asfirin", da lambar wayarka. Ɗaya a jakar makaranta, ɗaya wurin malamin Islamiyya, ɗaya wurin kakarsa. Malamai su san ba yaron bulala ba ne.

Akwai kuma tranexamic acid, ba shi da tsada, ana samunsa, yana taimakawa sosai a haɓo da zubar jinin baki ko dasashi. Shi kam da wuya inshora ta ƙi biya. Amma likita ne zai faɗi adadin, kuma ba a shan sa in jinin a fitsari yake fita.

Maman Khalifa:
Ƙari a kan na Mai Kemis: mai ɗori. Kada a kai masa gwiwar nan ya murɗa ko ya ja, ba targaɗe ba ne, jini ne a ciki. A kwantar da ƙafar, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na ɗan lokaci, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ta kan matashi, a nemi allura da wuri. Yaran sukan ji abin kafin a ga kumburi, nawa cewa yake "Mama gwiwata tana ɗumi". In ya faɗa, ka yarda da shi. Allurar da aka yi cikin awa biyun farko ta fi uku da aka yi washegari. In kuwa kansa ya bugu, ko yana amai, ko barci ya yi masa yawa, ko wuya ko ciki ya kumbura, ba jiran safiya, ba jiran lambar izini. Ku tafi, a yi rigimar kuɗin daga baya.

Kuma gashin ƙashi da Malam Sani ya ambata, kada ka raina shi. Jinin da ke yawan taruwa a gaɓa ɗaya shi ke cinye ta har yaro ya koma ɗingishi. In katinka na biyan wannan, ka ci moriyarsa har ƙarshe.

Hajiya Ummi:
Ni ina ganin a buɗe masa asusun neman taimako a Facebook, mutane suna da tausayi. A sa hoton yaron da lambar banki.

Abu Yasir:
Hajiya, hoton yaro yana jini ya shiga duniya, gobe ya girma ya gani? Ga 'yan damfara da ke kwafe hoton su sa lambar bankinsu.

Maman Khalifa:
Neman taimako yana aiki ga abu mai iyaka: kuɗin awon fakto, ko wata tiyata da aka sa wa rana. Mutane za su bayar sau ɗaya, su bayar sau biyu, a na uku sai ka ga an karanta an wuce. Ni abin da ya fi riƙe ni shi ne 'yan'uwa ƙalilan da suka ɗauki alkawarin wani abu duk wata, muna ajiye shi don kuɗin mota da gwaji da daren da ba a shirya masa ba. In za a yi na Facebook ɗin, takardar likita ta isa, a rufe fuskar yaron.

Baban Amir:
Jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je asibitinmu da safen nan, likitan ya rubuta takardar turawa yadda Malam Sani ya ce, har ya haɗa da takardar sallamar da aka ba mu lokacin kaciyar. Sun aika neman lamba. Kamfanin ya amsa cewa ganin likitan jini sun amince, amma awon fakto "gwaji na musamman" ne, sai sun duba. Shin in jira su, ko in biya da kaina in nemi su mayar min?

Likitan Jini:
Ka je ganin likitan da lambar da ka samu, kada ka jira ɗayar. Shi zai gaya maka inda ake awon da gaske a yanzu, wataƙila ma ta hanyar ƙungiyar a samu sauƙi. Ka tambaye shi lambar da za ka kira in abu ya faru da dare, da inda ake ajiye allurar. In an fara yi masa fakto, a riƙa lura: kusan kashi 30 cikin ɗari na masu A mai tsanani jikinsu kan ƙirƙiro abin da ke yaƙar allurar, yawanci a farkon fara ta. In kun ga an yi amma kumburi bai sauka ba, ku faɗa da wuri, akwai gwajinsa. Rigakafin yara kuma kada a fasa, a dai gaya wa mai yin allurar, akwai yadda ake yi musu.

Malam Sani Tebur:
Kan batun biya, kada ka fitar da kuɗi da zaton za a mayar maka sai sun rubuta maka haka kafin ka biya. Wanda ya biya tukuna ya zo da rasit daga baya, da wuya ya ga kuɗinsa. Ka sa likitan jinin ya rubuta gajeriyar wasika cewa ba za a iya yi wa yaron magani ba sai da wannan awon, ka haɗa da ta ofishinku ka tura musu. In sun ƙi, su ƙi a rubuce, sai ka biya ka riƙe takardar don ƙara. Ka turo min hoton shafin da suka jera abubuwan da ba sa biya ta akwatin sirri, ka rufe sunanka da lambar katin, in duba ko awon yana ciki da gaske.